Ƙwan Zabin Gwaggo Saratu

Kwana talatin da biyu ke nan Jar Kaza tana kwanci, ko kukan ɗan tsako babu. Ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito. Ita kaɗai ta rage wa Gwaggo Saratu cikin kajin da mijinta ya rasu ya bar mata. Sauran duk annobar bara ta kwashe.

Gwaggo ba ta taɓa shakkar inda annobar ta fito ba. Tsakar gida ɗaya suke haya a Kakuri da Phoebe, wadda ake kira Maman Ishaya, mai jibge fararen kajin gidan gona a bayan ɗakinta. Nata suka rayu, na Gwaggo suka zube. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Da damina ta faɗi, Gwaggo ta ƙudura sake garke, amma wannan karon da zabi, don su ba kowace cuta ke kayar da su ba. A bakin kasuwa ta tarar da wata baƙauyiya mai goyo, da kwano biyu na ƙwan zabi a gabanta.

"Na ƙyanƙyasa nake so. Ki faɗi kuɗin mutunci, ba kuɗin ɓarayi ba."

Ciniki ya yi tsawo. Gwaggo ta kushe ƙwan, ta kushe kwanon, ta taɓo har garin da matar ta fito. Sau biyu tana tafiya tana dawowa, ta kori mata masu saye uku. Daga ƙarshe matar ta dube ta, ta miƙa hannu zuwa kwanon hagu.

"Kwashi a yadda kika taya, Hajiya. Taɓa ki ji, da ɗuminsu ma."

Har da ƙullin yaji ta ɗora mata gyara. Gwaggo ta hau keke tana jin babu macen da ta kai ta iya kasuwa.

Yanzu ga shi kwanakin ƙyanƙyasa sun wuce. Ta ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza a kunne. Ɓaragurbi ruwa yake yi, ana jin ƙararsa. Waɗannan shiru, da nauyinsu. Ke nan 'ya'yan suna ciki, fitowa aka hana su. Ta kuwa tuna sau nawa ta ga Maman Ishaya tana kai tsintsiya har bakin akurkinta.

Da hantsi, mata na wanki, ta fito da ƙwan a faranti.

"Maman Ishaya! Bara kin kashe mini kaji na yi shiru. Bana kuma zabina kika ɗaure a ciki?"

"Ni? Gwaggo, ki ji tsoron Allah. Shara ce laifina?"

"Sharar munafunci! Yau ɗayarmu sai ta bar gidan nan."

"Wallahi sai dai ke. Kin ga na yi kama da mai gudu?"

Aka kira Malam Zakariyya'u mai gidan, ya zo yana ba da haƙuri. Gwaggo ta ce ba haƙuri ta kira shi ba, shaida take so. Za ta fasa ɗaya a gaban kowa. In aka ga tsako da gashinsa a mace, Maman Ishaya ta kwashe kayanta. In ba haka ba, ita Saratu ta yarda a ba wani ɗakinta.

"Kowa ya ji ta," in ji Maman Ishaya, ta riƙe ƙugu.

Gwaggo ta zaɓi mafi nauyi, ta buga shi a bakin turmi. Bai tsiyaye ba. Ta sa farce ta ɓare ɓawon, mata suka toshe hanci suka matso. Babu tsako, babu ruwa, sai fari a daskare da gwaiduwa a dunƙule: wata guda cur Jar Kaza ta yi tana kwanci a kan dafaffen ƙwai.