Ƙwallaye Ashirin da Uku na Saje Gil

"Faɗa musu wa ya fi cin ƙwallo a bariki!" na daka wa Pyo Man-sik tsawa daga rumfar kifina.

Neman ƙuri'a ya shigo da shi kasuwar Mokpo. Kurtun da ke wanke mini safa lokacin da muke soja! Shi ya buga wa babban kulob, shi ya zama ɗan majalisa, ni kuwa shekara talatin ina gyaran kifi.

Ya rusuna mini sosai. "Saje Gil ya ci ashirin da uku. Ni ko ɗaya ban ci ba."

Kasuwa ta ɗauki tafi. Na harari matata. "Kin dai ji da kunnenki."

Bayan Man-sik da mutanensa sun wuce, direbansa ya dawo yana ƙunshe dariya. Bong-su ne, mai tsaron raga a barikinmu.

"Saje, wai da gaske ka yarda? Wane kurtu ya isa ya ci ƙwallo sajensa yana fili? Man-sik ke ajiye maka ita a ƙafa, ni kuma in faɗi ɗaya gefen. Har yau kafaɗar nan ciwo take."