Ruwan Gumel a Dutsen Ƙanƙara

Tun da ƙanƙarar duwatsun Alps na Turai ta fara ƙarewa aka kafa doka: duk baƙon da ke son ganin ragowarta sai ya hau da ruwan garinsu, a daskarar a ƙara a kai. Shi ya sa da Inna Tabawa za ta ziyarci 'yarta Zulai a Ostiriya, ta taso daga Gumel da gorar ruwan rijiyarta.

Suna cikin hawan dutsen ita da Zulai, shanu masu ƙararrawa na kiwo a gefe, suka iske wani tsohon Bature zaune yana haki, leɓɓansa sun bushe. Inna ta buɗe gora ta miƙa masa. Ya shanye tas.

"Inna! Ruwan shigarki ne fa!" in ji Zulai.

"Ke, rufa mini baki. A gidan wa kika ga an hana mai ƙishi ruwa?"

A ƙofar shiga, inda baƙi suka yi layi, wata mai gadi ta jijjiga gorar, ta ji wayam, ta girgiza kai. Ta bayan mai gadin Inna ta hango ƙanƙarar, an lulluɓe ta da farin ƙyalle kamar likkafani, don kada ta narke.

Sai ga tsohon yana dogara sanda, ya yi wa mutanen layi bayani. Wata mata ta karɓi gorar, ta tsiyaya ruwanta kaɗan a ciki, ta miƙa wa na kusa. Haka ta zagaya har ta cika.

Mai gadi ta tambayi Zulai ruwan wane gari ne.

Inna ta dubi layin, ta gyara mayafi. "Gaya mata na unguwarmu ne."