Tabaran Injiniya

"Mai digiri biyu ba a duba masa na'ura," in ji Injiniya, da alƙalin tseren ƙananan jirage marasa matuƙa ya nemi gwada tabaransa. Kowane ɗan tsere da tasharsa, ta nan tabarau ke nuna masa abin da kyamarar jirginsa take gani.

Yau ya gayyato surukinsa, wanda shekara uku ke nan yana kiran abin wasan yara. Tsohon ya ajiye sabuwar motarsa a gefen fili.

Aka busa usur. Injiniya ya manna tabarau, yana ta sarrafa rimot. Jirgi ya ratsa ƙofar farko, ya sha kwana, ya bar kowa a baya. Shi kansa bai san ya iya haka ba.

"Maman yara, ce wa Baba ya buɗe ido!" ya ce wa matarsa.

"Ai ya buɗe," ta ce. "Sosai ma."

Ya tsallake layin ƙarshe, ya cire tabarau, ya ɗaga hannu. Ana ta tafi kuwa, amma wani bakanike da ke kusa da shi ake yi wa. Tashar bakaniken ya kama. Tun farko jirgin wani yake kallo.

Nasa yana can cikin gilashin motar surukinsa, farfela ɗaya tana juyawa.

"Iska ce," ya fara yi wa alƙali bayani.

Matarsa ta gyara mayafi, ta nufi mahaifinta, ta durƙusa.