Madubin Rigoberto

Harbi na biyar, ragon ƙarfe na biyar ya kife. Rigoberto ya sauke bindiga yana hura hanci.

A filin harbin nan na Sonora, raguna biyar ake jera wa kowa a layinsa, nisan mita ɗari biyar. Shi da Don Nemesio sun ƙulla cewa wanda aka kayar zai aske gashin bakinsa a gaban jama'a.

Rigoberto ya shafa sabon madubin hangen nesa na bindigarsa. Mafi ƙarfi ya zaɓa a shago, har da zobban riƙo masu tsada. Rago ɗaya ke cika masa ido, ba ya ganin komai a gefe.

Ya dubi Don Nemesio. "Tsoho, da wannan madubin naka mai kama da gindin kwalba za ka hango su? Ko in ara maka nawa?"

Don Nemesio ko bindiga bai ɗaga ba. "To me zan harba, ɗana?"

Alƙalin wasa ya ja tsaki. "Rigoberto, naka biyar suna nan tsaye ƙyam. Na Don Nemesio ka kayar, kuma ragon da ya faɗi na mai layi ne."

Tsohon ya dubi jama'a. "Wa ke da reza?"