Igiyar da Aka Ɗaure Ƙyalle da Ita

Kai da ka shigo mini fuska a murtuke, ka ƙi ci ka ƙi sha don kawai likita ya ce yana zato, gyara zama ka ji.

An yi wani tsohon mafarauci a wani ƙauye na bakin jeji, yana da kare mai suna Ƙyalle, saboda ɗan farin da ke goshinsa. Tare suka tsufa. Shi maigidan gwiwa ta fara yi masa gardama, karen kuma baki ya yi furfura, haƙoran da a da ke karya ƙashin gada sun koma sai tuwo. Wata safiya tsoho yana cire masa kaska, sai yatsansa ya ci karo da wani ƙullutu a ƙarƙashin hammatar karen, mai tauri, girman ƙwan zabo. Ranar kasuwa ya ja shi wurin likitan dabbobin da ke zuwa yi wa shanu allura. Likitan ya taɓa, ya latsa, ya ce mai yiwuwa ciwon daji ne, mai yiwuwa kuma kitse ne kawai ya dunƙule. Ba mai tabbatarwa sai an kai birni an gwada, kuma ko da shi ne, kare mai waɗannan shekaru ba zai ɗauki wuƙa ba. Magana biyu likita ya faɗa, amma tsoho ɗaya ya ɗauko ya kawo gida, ya bar mai daɗin a kasuwa.

Daga ranar ya haƙa wa Ƙyalle kabari a zuciyarsa. Ya samo igiya ya ɗaure shi a gindin rumbu, wai kada yawo ya tayar da ciwon. Karen da tun yana ɗan kwikwiyo bai san igiya ba! Kullum da safe sai ya tsuguna ya lalubi ƙullutun, ya ce ya ƙaru, alhali ko shi kansa ba zai rantse ba. Ya riƙa tsame nama daga miyarsa yana ajiye masa, Ƙyalle ya shinshina ya kau da kai. Maƙwabta suna ta yi masa tsiya, wai an ga mai jinyar kare, saura a kira masu gaisuwa. Bai kula su ba, don tsoro ne ya cika shi, tsoron ranar da zai fita ƙofar gida ba mai bin sawunsa. Kafin a gama girbi haƙarƙarin karen ya fito, idonsa ya dushe, tsoho kuwa ya ce ai ga shi nan, ciwon ne ke cin sa.

Sai ga lokacin farauta ya zo. Aka buga gangar mafarauta a bakin gari, karnuka suka ɗauki haushi. Ƙyalle da ya yi kwanaki ko kai ba ya ɗagawa ya miƙe zumbur, ya ja igiya har ta shaƙe shi, ya koma yana taunarta da ragowar haƙoransa. Matar tsohon tana tankaɗe a tsakar gida, ta dube su su biyu ta ce, "Maigida, ƙullutun nan dai bai kashe shi ba tukuna. Igiyarka ce za ta riga shi."

Tsoho ya taka zuwa gindin rumbun. Sannan ya kwance igiyar, ya ɗauki gorarsa.

A bayan ayari suka tafi, tsofaffi biyu, wannan na ɗingishi wancan na haki. Ƙyalle bai kama komai ba, kada in yi maka ƙarya. Zomo ya tashi a gabansa, ya bi shi ɗan taƙi, ya tsaya yana kallon ƙananan karnuka suna ƙarasa aikin. Amma ya tsoma hanci a kowane rami, ya yi birgima a ciyawa, ya sha ruwa a ƙoramar da ya saba sha. Su kuwa mafarautan garin suna da wata al'ada tun kakanni: idan aka feɗe abin da aka samu, kayan ciki na karnuka ne, a nan take da zafinsu, kuma duk karen da ya taka jeji ranar yana da kasonsa, ya kama ko bai kama ba. Wanda ya zauna gida kaɗai ba a lissafa shi. Da aka zo rabo, sarkin dawa da kansa ya jefa wa Ƙyalle hantar gada. Karen da ya ƙi naman miya ya lamushe ta, ya lashe baki, ya ɗaga kai yana neman ƙari. Tsoho ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, har da hawaye.

Ƙullutun yana nan, bai tafi ko'ina ba, kuma ba wanda ya san ko mene ne shi. Tsoho ya daina auna shi. Igiyar ma matarsa ta ɗauke ta ɗaure akuya. Idan an buga ganga su fita, idan gwiwa ta ƙi su zauna a inuwar tsamiya, karen ya ɗora haɓa a kan ƙafar maigidansa, suna kallon masu wucewa. Ranar da Allah ya yanke za ta zo, ta kare da ta mai kare, amma ba za ta tarar da su a gindin rumbu suna jiran ta ba.

To, kai ma je ka kwance taka igiyar, ka ci abinci. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: in da rai, da rabo.