Ƙwan Zabin Gwaggo Tasalla

Tunda ke ma kin kama sana'ar rubuta wa inji lissafi, zauna ki ji abin da ya sami wani mai suna Mamuda, ki riƙe shi.

Mamuda ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Ya yi karatun kwamfuta a birni, hannunsa ya faɗa a kan rubuta manhajar lissafi, irin wadda ake dunƙulewa a zuba wa ƙaramin inji ya yi ta aiki ba mai tsaye a kansa. Gwaggonsa Tasalla, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, kiwon zabi take yi. Zabuwa kuwa kin san halinta, da damina take zuba ƙwai, amma ba ta da haƙurin kwanci, sai an nemo kaza an saka mata. Kajin gwaggo ba su isa ba, kowace shekara ƙwai da yawa lalacewa suke yi. Mamuda ya ƙudura a ransa zai hutar da tsohuwar nan. Ya haɗa akwatin ƙyanƙyasa da katako, ya sa masa fitilar ɗumi da ma'aunin zafi da batir, ya zauna rubuta lissafin da zai kunna fitila in akwatin ya huce, ya kashe ta in zafi ya kai.

To, ba komai mutum ke rubutawa da hannunsa ba. Akwai ayyukan lissafi da wasu suka riga suka rubuta, kowane rukuni da sunan gidansa, kamar yadda ake cewa wane na gidan wane. Mamuda ya ɗauko rukuni biyu, ɗaya na masu ƙera ma'aunin, ɗaya na lissafin gama-gari, ya buɗe musu ƙofa duka don ya huta da maimaita sunan gida a kowane layi. Ashe kowane gida yana da aiki mai fitar da matsakaicin awo, kuma sunansu ɗaya. Na masu ma'aunin, in ma'auni ya yi tuntuɓe bai kawo komai ba, sai ya watsar da wannan awon. Na ɗaya gidan kuwa ƙirga shi yake yi sifiri, ya gauraya da sauran. Da Mamuda ya miƙa rubutunsa ga manhajar da ke dunƙulewa, sai ta ƙi gaba, ta nuna masa layin tana neman ya faɗi na wane gida yake nufi. A lokacin ruwa ya sauka, zabi sun fara zuba, gwaggo tana ta aiko saƙo. Ya ce a ransa, matsakaici ai matsakaici ne. Ya liƙa sunan gidan da idonsa ya fara faɗawa a kai, na gama-garin, bai buɗe ko ɗaya ya karanta ba. Rubutu ya dunƙule lafiya. Ya gwada akwatin a busasshen ɗakinsa na birni, ma'auni bai yi tuntuɓe ba, komai ya tafi daidai.

Ranar da ya kai akwatin ƙauye, gwaggo ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta shiga gida gida tana faɗin abin da ɗanta ya ƙera. Mata suka yi ta kawo ƙwansu a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, har akwatin ya cika. Mamuda ya koma birni zuciyarsa fari ƙal. Amma ɗakin gwaggo na ƙasa ne, danshin damina ya shiga ma'aunin, ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Duk ɗaukewa sifiri ce, matsakaici ya yi ƙasa, inji ya ɗauka akwatin ya huce, ya bar fitila a kunne. Inji kuwa in an riga an dunƙule masa magana, ba ya sake tambaya. Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, ba a ji ko tsiyau ba. Gwaggo ta fasa ƙwai ɗaya, ta tarar da ɗan zabo ya haɗu tsaf, ya bushe ya manne da ɓawo.

Da Mamuda ya zo ya buɗe rubutunsa, bai sha wahalar gano wurin ba. Kalma ɗaya ce gyaran. Gwaggo ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauki mayafinta ta bi gidajen nan tana ba da haƙuri, ta raba musu 'yan zabin da kajinta suka ƙyanƙyashe, ba ta bar wa kanta ko ɗaya ba. Da ta dawo ta ce, "Mamuda, haka Allah ya so. Amma da ka ce mini ba ka tabbata ba, da ban karɓi na mutane ba."

Ya gyara akwatin, kuma daga nan akwatin bai ƙara kuskure ba. Sai dai da damina ta zagayo, ba wadda ta kawo masa ƙwai, gwaggo ma ƙarƙashin kaza ta mai da nata.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.