Ɓoyayyar Duniyar Dokta Khalida

Minti goma sha shida duniyar ta yi latti, Dokta Khalida ta kusa taka rawa a ofis.

Shekara biyu ke nan tana gadin tauraro guda daga wata 'yar tashar hangen sama a kan dutse, bayan garin Tamanrasset a kudancin Aljeriya, inda ba abin da ke hawowa daga gari sai kiran salla. Tauraron yana da duniya ɗaya mai kewaya shi, da kowa ya sani. Duk kwana huɗu takan gilma ta gabansa, haskensa ya ɗan dushe. In gilmawar ta riƙa sammako yau, latti gobe, to akwai wata duniya a ɓoye da ke jan ta. Wanda ya tabbatar da ɓoyayyar, ya yi suna.

Khalida kuwa tana matuƙar bukatar sunan. Manya a Alje, babban birnin ƙasar, sun rubuto cewa ƙarshen shekara za a rufe tashar, tunda tsatsa kaɗai ta gano. Ko na'urar da ke saita wa kwamfuta lokaci, wadda tsawa ta ƙone tun zuwanta, ba su ga dalilin sake ta ba.

Ma'aikacinta ɗaya ne, Maman, dattijo ɗan Damagaram. Shi ne mai gadi, shi ne mai shara, shi ne mai shayi. A makon farko ya makara da buɗe ƙofa, ta yi masa laccar rabin awa kan darajar daƙiƙa guda.

"Baba Maman, nan gidan ilimi ne, ba tashar mota ba. Kowane agogo a gidan nan ya tafi daidai."

"To, Dokta."

Bai ƙara makara ba. Irin mutanen nan ne da in an ba su aiki sau ɗaya, sai su riƙe shi har kabari.

Sannu a hankali lambobi suka fara yi mata biyayya. Nuwamba latti, Fabrairu sammako da minti goma sha huɗu, shekara ta zagayo abin ya maimaita kansa tsaf. Ta auna nauyin ɓoyayyar duniyar, ta zana hanyarta, har ta raɗa mata sunan mahaifiyarta a zuci. Wani masani ya rubuto daga Turai cewa su a wurinsu duniyar ba ta taɓa latti ba. Ta amsa masa cikin ladabi cewa mai kallon sama ta cikin hazo ya yi haƙuri da mutanen sahara.

Ranar Alhamis da hantsi ta ɗauki jaka za ta filin jirgi, gobe manyan Alje za su saurare ta.

"Baba, ba za a rufe mu ba. Aikinka ya tsira, kuma da hannunka a ciki."

Daɗi ya kama dattijon har idonsa ya cika. Ya raka ta bakin mota da addu'a, ya dawo ya share ofis.

Da rana ta take, ya zauna gaban kwamfutar na'urar hangen, ya karkata kunne wajen gari. Ladanin garin kuwa inuwa yake bi, Nuwamba ya yi sammako, Fabrairu ya yi latti. Ladan na ɗaga murya, ya mayar da agogon kwamfutar ƙarfe ɗaya saura ashirin, kamar yadda yake yi duk Alhamis, zafi da sanyi, shekara biyu cur, don a saninsa azahar ba ta matsawa.